Amans patriae ko amans patriam? Ma'ana da nahawun kalmar Latin mai nufin "mai so"

*"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin shari'a ne, na ɗan soma koyon Latin da kaina saboda yawan kalmominsa da muke cin karo da su a darasi. Littafin da nake bi ya ce* amo patriam *na nufin 'ina son ƙasata', wato abin da ake so yana ƙarewa da -am. Sai kuma na ga* amans patriae *an fassara shi da 'mai son ƙasarsa'. Me ya juya -am ya koma -ae, alhali aikin ɗaya ne? Ko kuskuren bugu ne? Sannan na ga hoton wani dutsen kabari na Rumawa an rubuta* coniugi amantissimae *a kai. Matar ce take son mijin, ko mijin ne yake son ta?"*

Ba kuskuren bugu ba ne, ɗan'uwa. *Amans patriam* da *amans patriae* duk Latin ne lafiyayye, sai dai ba magana ɗaya suke yi ba. Tambayoyin naka biyu kuma gindinsu ɗaya. Kalmar *amans* 'yar ruwa biyu ce, uwarta aikatau, ubanta sifa, kuma ma'anarta da nahawunta sun danganta ne da ɗakin da ta kwana a jimlar da ke gabanka. Su kansu malaman nahawun Rumawa sun san da haka, shi ya sa suka kira irin wannan kalma *participium*, wato mai rabo a wuri biyu.

Inda kalmar ta fito da yadda take juyawa

Aikatau ɗin shi ne *amare*, so. Ka cire *-re* ka ɗafa *-ns*, ka sami *amans*, kamar yadda *laudare*, yabo, yake ba da *laudans*, mai yabo. A furuci wasalin *a* na biyu dogo ne, a-maans, domin a Latin duk wasalin da ya zo kafin *ns* ana jan sa. Ita kuwa *n* ɗin Rumawa ba su cika taka ta da ƙarfi ba, har ma sukan gajarta *consul* su rubuta *cos.* a kan duwatsu.

Abin da zai yi maka daɗi shi ne ba ruwanta da jinsi idan tana matsayin aikau: *vir amans*, namiji mai so, *femina amans*, mace mai so, daidai da yadda "mai" take a Hausa. Wahalar tana ƙarshen kalmar, domin Latin harshe ne mai i'irabi kamar Larabci. Saiwar ta ainihi *amant-* ce. A yanayin mallaka ta zama *amantis*, a yanayin wanda aka yi wa ko aka bai wa ta zama *amanti*, a yanayin karɓau *amantem*. Jam'inta *amantes*, mallakar jam'i *amantium*, ko da yake mawaƙa sukan ce *amantum* idan ma'aunin baiti ya matse su. A yanayin da Rumawa suke kira *ablativus*, wanda yake ɗaukar ma'anar "daga" ko "da", tana da fuska biyu, kuma nan ma ruwa biyun nata ne ya bayyana: *amanti* idan tana aikin sifa, *amante* idan tana aikin aikatau ko ta tsaya da ƙafarta a matsayin suna.

Tana kuma hawa matakan fifiko. *Amantior*, wanda ya fi so. *Amantissimus*, mafi so ko mai tsananin so, mace *amantissima*. Ka riƙe wannan da kyau. Aikatau ba ya hawa irin wannan mataki, sifa ce take hawa. Duk inda ka ga *amantior* ko *amantissimus*, kalmar ta riga ta tare a ɗakin ubanta.

Rabin amsar tana bakinka

Ranar da nake fara wannan darasi da ɗalibai, ba na taɓa Latin sai na rubuta jimloli biyu na Hausa a allo: "Audu ya so Binta" da "Audu mai son Binta ne". Sai in tambaye su daga ina *-n* ɗin nan ta fito a jimla ta biyu. Akan yi shiru, can sai wani ya ce ai ita ce ta "gidan Binta" da "dokin Binta". Ita ce kuwa. A jimla ta farko "so" aiki ne, ya faɗa kan Binta kai tsaye ba tare da mahaɗi ba. A ta biyu ya zama suna, kuma suna ba ya iya kama wani sunan sai da igiyar mallaka. Binta ba ta mallaki son ba, ita ce ma aka so, amma harshe ba shi da wata igiyar da zai ɗaure suna da suna sai wannan.

Haka abin yake a Latin. *Patriam* karɓau ce, aiki ya faɗa mata. *Patriae* mallaka ce, kamar ka ce "na ƙasa". Idan *amans* tana jin kanta aikatau sai ta kama karɓau, idan kuma ta zama sifa sai ta ɗaure abin son da mallaka. *Amans patriam* mutum ne da muka tarar yana cikin son ƙasarsa a lokacin da jimlar take magana a kai. *Amans patriae* kuwa halinsa ke nan, da shi aka san shi, jiya da yau da gobe. Fassarar da ta fi zama daidai a Hausa ma ba "mai son ƙasa" ba ce, "mai kishin ƙasa" ce.

Kada dai ka ja kwatancin ya wuce iyakarsa. Mu muna cewa "yana son Binta" da *-n* ko da son na yau ne kawai, saboda haka *-n* ɗin Hausa ba ta raba aiki da hali yadda Latin ya raba. Inda Hausa take yin wannan rabon shi ne tsakanin "na gan shi yana shan taba" da "mashayin taba ne". Misalin da littattafan nahawu suka fi bayarwa ya hau kan wannan daram: *patiens frigus*, wanda yake jure sanyi yanzu, ƙila ma yana karkarwa yana neman wuta, *patiens frigoris*, mutum mai juriyar sanyi, wanda hunturu bai dame shi ba.

Idan ka taɓa zama gaban malamin nahawu a zaure, wannan ba baƙon abu ba ne gare ka, babin ismul fa'ili ne, wato sunan mai aikatawa a Larabci. Ana ba da labarin Kisa'i, malamin nahawun Kufa, da alƙali Abu Yusuf a gaban Haruna Rashid. Kisa'i ya tambayi alƙalin: mutum ya ce *ana ƙatilu gulamika*, wani kuma ya ce *ana ƙatilun gulamaka*, duka biyun a zahiri "ni makashin yaronka ne", wanne za ka kama? Abu Yusuf ya ce duka biyun. Sai aka nuna masa cewa na farko, mai jingina kalma ga kalma, ya amsa laifin kisan da ya riga ya yi, na biyu kuwa, mai tanwini da nasabi, barazana kawai ya yi, bai kashe kowa ba tukuna. A wannan misali na Larabci bambancin na lokaci ne, a Latin kuwa na aiki da hali ne, to amma ƙashin bayan ɗaya ne: kalmar da ta fito daga aikatau tana iya riƙe ƙarfin aikatau, tana kuma iya ajiye shi ta zauna kamar suna. Kai da kake karatun shari'a, ka ga wasali ɗaya na iya raba mai laifi da mara laifi.

Ta yaya muka san mallaka ce?

Wani ɗalibi mai kaifin ƙwaƙwalwa ya taɓa tare ni da wannan, kuma yana da gaskiya. *Patriae* tana iya zama "na ƙasa", tana kuma iya zama "ga ƙasa", domin a ajin sunayen da suke ƙarewa da *-a* yanayin biyu sun yi kama. Ya ce me zai hana a ce *amans patriae* na nufin mai soyayya ga ƙasa? Daga wannan misali kaɗai ba za ka iya kayar da shi ba. Sai ka nemo sunan da yanayinsa biyu suka sha bamban.

Akwai irinsa a wata doguwar wasiƙa da Sisero, ɗan siyasa kuma marubucin Rum wanda ake rubuta sunansa Cicero, ya aika wa ƙaninsa Kwintus lokacin da ƙanin yake gwamnan lardin Asiya. Yana ja masa kunne game da mutanen da suke kewaye mai mulki, sai ya ce idan ya dace ya sami wani *tui amantiorem quam temporis*, to ya jawo shi jiki. Ma'ana wanda ya fi son ka a kan son damar da zamaninka ya kawo, ko a Hausar yau, masoyinka ba masoyin kujerarka ba. *Tui* da *temporis* mallaka ne tsantsa. Da "gare ka" ake nufi, da *tibi* ya rubuta, da kuma *tempori*. Magana ta ƙare.

Wannan ya kawo mu wurin da ɗalibaina suka fi tuntuɓe, wato wakilin suna. "Mai tsananin son ka" shi ne *amantissimus tui*, "mai son mu" *amans nostri*, "mai son kansa" *amans sui*. Kusan kowace shekara sai na ja jan biro a ƙarƙashin *amantissimus tibi* da *amans nostrum*. *Nostrum* ma mallaka ce, amma ta rabo: *unus nostrum*, ɗaya daga cikinmu. Idan mu ne abin ya faɗa wa, *nostri* ake cewa, haka kuma *vestri* ga "ku".

Sisero ya yi amfani da wannan gini sosai a siyasa. Ranar 3 ga Disamba na shekara ta 63 kafin Miladiyya ya tsaya gaban jama'ar Rum yana ba su labarin yadda aka yi kwanton ɓauna a gadar Mulbiyus cikin dare, aka kama wasiƙun maƙarƙashiyar juyin mulki ta wani Barume mai suna Katilina a hannun jakadun wata ƙabila ta ƙasar Gol, inda Faransa take a yau. Manyan jami'ai biyun da ya ɗora wa aikin, Flakus da Pomtinus, ya kira su *fortissimos atque amantissimos rei publicae viros*, mazaje mafi jarunta kuma mafi kishin ƙasa. Ba yana cewa a daren ne kishin ya taso musu ba. Shaida yake yi musu ta hali, don jama'a su yarda da abin da suka gani. Marubucin tarihi Salust kuma, da ya zo siffanta Katilina kansa, da irin wannan ginin ya yi: jikinsa *patiens inediae*, mai juriyar yunwa, zuciyarsa *alieni appetens*, mai kwaɗayin abin wani. Kalmomi biyu-biyu, an gama da mutum.

Inda ƙa'idar take yoyo

Na gaya maka mallaka ta hali ce, karɓau na aikin ɗan lokaci. Ƙa'ida ce mai amfani, a rubutun zube na zamanin Sisero da Yuliyus Kaisar kuma da wuya ta ba ka kunya. Amma mawaƙa ba su ɗauke ta farilla ba. Birjil, a littafi na 4 na waƙarsa ta noma, ya ambaci wani ɗan itace mai ƙamshi da ake kira *myrtus*, ya ce *amantis litora myrtos*, masu son bakin teku. Wannan ai hali ne, domin itace ba ya son bakin teku yau ya ƙi shi gobe, amma ga *litora* nan a karɓau. A ganina ya yi haka ne don itacen ya zama kamar mai rai, ka gan shi yana manne da gaɓa, ko da yake mai cewa ma'aunin baiti ne ya tilasta shi ba zan yi dogon musu da shi ba. Ka kuma lura da tarkon da ke cikin baitin: *amantis* ɗin nan ba mallakar tilo ba ce, karɓau ce ta jam'i mai dogon *i*, tsohuwar siga da take daidai da *amantes*. Na ga ɗalibai da dama sun ɓata rabin awa suna neman wanda ya mallaki bakin tekun.

Sai kuma inda *amans* ta tsaya ita kaɗai babu abin so a bayanta. A nan takan zama suna, masoyi, kuma yawanci soyayyar saurayi da budurwa ake nufi. Marubucin wasan kwaikwayo Terens, a wasansa na shekara ta 166 kafin Miladiyya, shi ne mai maganar nan da ta zama karin magana, *amantium irae amoris integratio est*, faɗan masoya sabunta soyayya ne. Mu ma mun ce faɗan masoya hutu. A wasan dai ya yi wasa da kamannin *amantium* da *amentium*, masoya da mahaukata, harafi ɗaya ne tsakaninsu.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a wannan ma'anar *amans* ita ce ta ɗan lokaci. Sisero, a wani littafinsa na falsafa na shekara ta 45 kafin Miladiyya, ya ce *aliud est amatorem esse, aliud amantem*: zama *amator* daban, zama *amans* daban, kuma ya kwatanta su da bambancin mashayi da wanda ya bugu yau. *Amans* shi ne wanda so ya kama, *amator* kuwa a wannan gurbi manemin mata ne, sana'arsa ke nan. Ka ga ashe ba ita kalmar ce take ɗauke da ma'anar dawwama ba, mallakar da ta biyo ta ce take ba ta. 'Yan'uwanmu na Nijar masu Faransanci sun gaji wannan ɓangaren, domin *amant* nasu daga nan ta fito, kuma ta tsaya ga masoyin soyayya kawai, ba a kiran mai kishin ƙasa da ita.

Tun da za ka so ka rubuta naka jimlolin, ga maƙwabtanta a gurguje. *Cupidus* ma mallaka take ɗauka, amma so ne mai haɗe da kwaɗayi. Kaisar ya kira wani basaraken Gol *cupidum rerum novarum*, mai ƙishirwar sabon lamari, wato mai neman juyin mulki. *Studiosus* so ne na himma da naci, irin na mai son karatu ko farauta. *Diligens* ta fito daga *diligere*, so na zaɓi da girmamawa, kusa da abin da muke kira ƙauna, amma ta gangara ta koma nufin mai kula da taka-tsantsan. Idan abinci ko wasa kake so ka ce mutum yana so, *cupidus* ko *studiosus* ko aikatau kai tsaye sun fi zama a baki. *Amans* ta fi son mutane, ƙasa, gaskiya, zaman lafiya. *Carus* kuwa ta juya baya gaba ɗaya: ba mai so ba ce, abin so ce, kuma ba mallaka take bi ba, "ga" take bi. *Carus mihi*, abin ƙauna gare ni. Ita ce kuma kalmar tsada a kasuwa, kamar jikarta *cher* a Faransanci.

Dutsen kabarin

*Coniugi amantissimae*: *coniux* abokin aure ne, miji ko mata, *coniugi* na nufin "ga abokin aure", ƙarshen *-ae* ya nuna mace ce. Wanda ya kafa dutsen ya keɓe shi ga matarsa. Bisa nahawun asali amsar a fili take, domin *amans* mai aikatawa ce: matar ce mai son, "ga matata mai tsananin so na". Da yana nufin ita ce abin son, akwai *carissimae* a ajiye, wadda ta cika duwatsun kaburburan Rumawa. Sisero ya nuna rabon sarai kwana biyu bayan jawabin gadar nan, ranar 5 ga Disamba, a gaban majalisar dattawa, inda ya ce shi ba ƙarfe ba ne da baƙin cikin ɗan'uwansa *carissimi atque amantissimi* zai kasa taɓa shi. Kalma ta farko daga Sisero take tafiya zuwa Kwintus, ta biyu daga Kwintus take dawowa. Ina son sa, yana so na.

To amma harshe bai tsaya inda Sisero ya bar shi ba. A Latin na ƙarnonin baya *amantissimus* ta soma ɗaukar ma'anar "abin so ƙwarai". Hujja mafi sauƙin dubawa tana cikin fassarar Baibul ta Latin da Jerom ya yi wajen shekara ta 400 Miladiyya. A Maimaitawar Shari'a, sura ta 33 aya ta 12, an kira Biliyaminu *amantissimus Domini*. Da ma'aunin Sisero za ka karanta, sai ka ce mai tsananin son Ubangiji. Amma kalmar Ibrananci da aka fassara tana nufin wanda ake ƙauna, saboda haka abin ƙaunar Ubangiji ake nufi. Mallakar ma ta juya: *Domini* a nan shi ne mai son, ba wanda ake so ba. Irin harshen damon da ke cikin "son Binta" ne a Hausa, wanda zai iya zama son da ake yi mata ko son da take yi, sai jimla ta raba gardama. Dalilin wannan zamewar, a fahimtata, shi ne kalmar ta yi yawo a gaisuwar wasiƙu da kan duwatsu kafaɗa da kafaɗa da *carissimus* da *dulcissimus* har ta shafi ƙamshinsu, mutane suka daina jin ta a matsayin mai aikatawa, suka riƙa jin ta kalmar shauƙi kawai.

Mu ma mun yi haka ba mu lura ba. "Masoyi" a ginin kalma mai aikata so ne, kamar manomi da maɗinki. Amma saurayin da ya rubuta "zuwa ga masoyiyata" a kan wasiƙa, sau da yawa wadda yake so yake nufi, ƙila ma ita ba ta amsa masa ba tukuna.

Saboda haka kalmomi biyun da ka gani, su kaɗai, ba za su yanke hukunci ba. Abin da nake yi idan irin wannan rubutu ya zo hannuna shi ne in duba abu biyu. Na farko abin da ke kewaye da kalmar: idan akwai *sui* ko *mariti* a gefenta, wato mai son sa (a nan *sui* ga wanda ya kafa dutsen take komawa) ko mai son mijinta, ko kuma an jera ta da *carissimae* kamar yadda Sisero ya yi, to matar ce mai son. Na biyu zamanin dutsen: gwargwadon yadda ya matso ƙarshen daular da zamanin Kiristanci, gwargwadon yadda ma'anar "abar so" take ƙara yiwuwa. Idan hoton naka ya nuna sauran layukan, ka karanta su da wannan a rai. In kuwa kalmomi biyun ne kaɗai suka tsira, ni "ga matata, masoyiya" zan fassara shi, in bar shi haka, tun da kalmar Hausar ma tana kallon ɓangarorin biyu kamar ta Latin ɗin.